Gizo-gizon Katangar Baba Cindo

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da wasiƙa ke daɗewa a hanya kafin ta isa hannun mai ita. Sunansa Malam Ilu. Malamin makaranta ne, yana koya wa yara ilimin halittu, wato sanin tsirrai da dabbobi da ƙwari. Bawan Allah ne mai sanyin hali, ba ya shiga sabgar kowa, jam'i ba ya wuce shi. Aibinsa guda ne a wurin mutanen unguwa, shi ne gizo-gizo.

Na ga wasunku sun fara murmushi. Ku yi abinku, su ma mutanen unguwar haka suka yi. Mutum da gemunsa, da iyalinsa, an tashi daga makaranta kowa ya nemi inuwa, shi kuwa sai ka gan shi tsugune a gindin katanga, gilashin ƙara girma a hannu, hancinsa ya kusa taɓa bango. In ka yi masa sallama sai ya amsa ƙasa-ƙasa, wai kada ya firgita mutuminsa.

Kuma ba kowane gizo-gizo ba, shi nasa masu tsalle ne. Kun san su, ko da ba ku taɓa kula ba. 'Yan ƙananan nan ne da ba su kai ƙwayar wake ba, masu yawo a bango da rana tsaka. Ba sa saƙa yana su zauna jiran abinci, farauta suke yi. Ya hango ƙuda, ya laɓaɓa, ya laɓaɓa, sai ya daka tsalle ya danne shi. Kafin ya yi tsallen kuwa sai ya manna zare a inda yake tsaye, don in ya kuskure kada ya faɗo ƙasa. Idanu takwas gare shi, biyu manya a gaba, in ka matso sai ya juyo ya dube ka ido cikin ido. Malam Ilu yakan ce duk wanda ya kalli wannan ɗan abu da kyau, ba ya bukatar dogon wa'azi a kan ikon Allah. Ni dai ban ji daɗin maganar ba, don sana'ata ya taɓa, amma gaskiya ya faɗa.

To, ku saurara. Masana wannan fanni suna da tsarinsu. Kowace irin halitta da aka sani, an rubuta kamanninta, an ba ta suna guda wanda duniya duka za ta kira ta da shi. In mutum ya samo wadda ba a taɓa rubutawa ba, shi zai bayyana ta. Ya auna ta, ya zana ta, ya faɗi launinta da inda take zama, ya nuna abin da ya raba ta da 'yan'uwanta, sannan ya raɗa mata suna. Ba a cika son mutum ya sa sunan kansa ba, amma yana iya sa na wanda yake son girmamawa. In sunan ya zauna, to ya zauna ke nan, jikoki za su zo su tarar da shi a littattafai.

Malam Ilu ya yi shekaru yana tsugunon nan bai samu sabo ba, duk wanda ya kama sai ya tarar wani ya riga shi. Bai damu ba, kallon kansa yana ƙosar da shi. Sai Allah Ya kawo rabo, kuma Ya kawo shi ta inda bai zata ba.

Mahaifiyarsa, Inna Tasalla, ta rasu ta bar ɗakinta a cikin gidan. Malam bai sa kowa a ɗakin ba, shi da kansa yake share shi ran Juma'a. Wata rana yana shara sai ya ga wata gizo-gizo a bakin taga, ƙatuwa kaɗan, ruwan toka, ba ado ba kwalliya, sai wani ɗan farin layi da ya bi tsakiyar bayanta. Ya duba littattafansa kaf bai gan ta ba. Ya zana ta ya aika wa manyan masana a can nesa, suka amso cewa su ma ba su san ta ba. Ranar da amsar ta zo, Malam Ilu ya shiga ɗakin ya zauna ya yi kukan daɗi. Inna Tasalla da sayar da daddawa ta riƙe shi har ya gama karatu, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce ba. Ya ce a ransa, wannan sunan Inna za ta ci.

Ba a daɗe ba sai ga na biyu. Bayan gidan Malam akwai wani tsoho, Baba Cindo, tsohon maɗinki wanda ido ya hana shi riƙe allura. Matarsa ta rasu, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba, shi kaɗai yake zaune a gidansa. A tsagar katangar wannan tsoho Malam ya ga wani ɗan siriri, baƙi wuluk, goshinsa ja kamar ya sa hular dara, ga farin gashi a ƙasan idanunsa kamar gashin bakin dattijo, ga ƙafafun gaba dogaye. Shi ma babu shi a littafi, kuma da ya aika wa masanan zanensa suka ce wani sabon ne daban.

Lokacin kuwa damina ta gabato, Baba Cindo ya riga ya sa an kwaɓa masa ƙasa za a yi wa katangar yaɓe. Malam ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wata alfarma nake roƙo, kuma na san mai nauyi ce. In aka yi yaɓen nan za a toshe gidajen wasu halittu da nake nazari. Ko za a jinkirta mini?"

Tsoho ya ce, "Wace irin halitta, ɗan Tasalla?"

Ya ce, "Gizo-gizo, Baba."

Baba Cindo ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe ina da 'yan haya ban sani ba. To a bar su, su ma bayin Allah ne."

Aka fasa yaɓe. Ruwa ya zo ya zaftare kusurwar katangar, tsoho ya yi damina yana tare wurin da tsohuwar tabarma, bai taɓa yin ƙorafi ba. Da kaka ta yi Malam ya kawo magina aka gyara, amma ya san gyara ba ya biyan irin wannan. Don haka ya je ya ce masa, "Baba, kowane iri suna ɗaya yake ci, wadda na samu a ɗakin Inna sunan Inna za ta ci, wannan na katangarka kuwa sunanka zan sa masa. Duk inda masana suke a duniya, in za su ambace shi sai sun ce Cindo."

Tsoho ya ce, "Har bayan na mutu?"

"Har bayan mun mutu duka, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah. Ni da na ɗauka ranar da aka rufe ni an rufe da sunan ke nan." Ya sa Malam ya maimaita masa sunan yadda masana za su faɗe shi, ya yi ta juya shi a baki har ya haddace. Daga ranar nan kowa ya zauna kusa da shi a ƙofar masallaci sai ya ji labari. Abokan wasansa suka riƙa kiransa Baban gizo-gizo, shi kuwa sai ya gyara zama ya amsa.

Kun ga Malam Ilu ya samu abu biyu a hannu, sabbin halittu biyu, ɗaya na Inna, ɗaya na Baba. Ya duƙufa, yana aunawa, yana zanawa, yana rubutu. Abu ɗaya ne ya lura da shi. Duk waɗanda ya samu a ɗakin Inna mata ne, duk na katangar Baba kuma maza ne. Wannan bai dame shi ba, don sau da yawa akan bayyana halitta da mace kaɗai ko namiji kaɗai, kafin a dace da ɗayan. Kuma ina haɗinsu? Wannan toka-toka ce mai jiki, wancan baƙi ne siriri mai jan goshi. Ya ci gaba da neman mijin wannan da matar wancan.

Na ga wani a sahun gaba yana gyaɗa kai, wai shi ya riga ya gano. Kai daga zaune ka gano, don ba ka da komai a ciki. Malam kuwa biyu yake so su zama, saboda haka biyu ya riƙa gani.

Cikin waɗanda ya ajiye a kwalba, wata daga ɗakin Inna ta saƙa 'yar jaka ta yi ƙwai a ciki, ƙwan suka ƙyanƙyashe. Malam ya ce bari ya rene su, ko Allah Zai sa a samu namijin da yake nema. Ya rufe bakin kwalaben da ƙyalle ya ɗaure, ya riƙa tara ɓawon ayaba a bayan ɗaki don ƙananan ƙudajen da ke taruwa a kai, yana kamawa yana ba su. Matarsa Ladidi takan ce, "Malam, ko 'ya'yanka ba ka yi wa wannan hidimar ba." Sai ya yi murmushi ya ce ai 'ya'yansa suna da uwa. 'Yan gizo-gizon suna girma suna saɓa, suna girma suna saɓa, duk kamarsu ɗaya, toka-toka irin uwarsu. Ana cikin haka ya kammala rubutunsa, ya haɗa da zane-zanen, ya sa a ambulan, saura kawai ya kai gidan waya.

Rannan da hantsi, kafin ya fita, ya ce bari ya ba yaransa abinci. Ya ɗaga kwalba ɗaya, sai ya ga tsohuwar fata a ƙasa, sabuwar saɓa. A jikin gilashin kuwa ga wani baƙi siriri, goshi ja, farin gashin baki, yana kallonsa.

Ya duba ƙyallen, a ɗaure yake tam, babu ta inda wani zai shiga. Ya ce wataƙila dai kuskure ne, ya ajiye ambulan ya jira. Kafin mako ya zagayo wasu ma sun saɓa, sun fito da jan goshi. Ya ɗauki ɗaya ya haɗa da wata toka-toka da ya kamo daga taga. Nan take ɗan baƙin ya ɗaga dogayen ƙafafunsa sama, ya riƙa kaɗa su, yana zuwa dama yana zuwa hagu a gabanta, ita kuwa ta tsaya tana kallo ba ta gudu ba. Malam Ilu ya zauna daɓas a kujera. Babu sauran shakka, iri ɗaya ne, mace da namiji. Iri ɗaya kuwa suna ɗaya yake ci.

To a nan ne Shaiɗan ya matso. Ku saurara da kyau, don yadda ya zo masa haka yake zuwa muku. Bai ce masa ka yi ƙarya ba, ya san Malam ba zai yarda ba. Cewa ya yi, ai ba ka rubuta komai da niyyar ƙarya ba, lokacin da ka rubuta haka ka sani. Manyan masana sun ga zanen sun ce biyu ne. Irin wannan kuskure manya ma sun sha yin sa. Ka kai ambulan ɗinka yadda yake, ka buɗe kwalaben ka sake su a bayan gida. In ma wani zai gano, sai bayan ba ka duniya. Inna ta samu, Baba ya samu, wa aka cuta? Kuma jama'a, mu faɗi gaskiya, wane alƙali ne zai kira mutum a kan gizo-gizo?

Ladidi ta kawo abincin rana ta tarar da shi ya zuba tagumi. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya miƙa mata gilashin ya nuna mata. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta fashe da dariya ta ce, "Kai Malam! Kana ta nema mata miji, ashe yana nan bayan gida."

Shi ma ya ɗan murmusa, ya ce, "Haka ne. Amma kin ga yanzu suna ɗaya za a sa."

Dariyar ta ɗauke. Ta zauna, ta ce a hankali, "Wa ya sani in ban da ni da kai?"

Ya ce, "Wanda Ya halicce su Ya san ɗaya Ya yi. In na ce biyu ne bayan na gani, na yi wa halittarSa ƙarya, kuma da sunan Inna zan yi ta. Ba zan ɗora sunanta a kan abin da babu ba."

Ta ce, "To shi ke nan, sai a sa na Inna. Uwa ce, kuma ita aka fara samu."

Ya ce, "Na riga na yi wa Baba alkawari."

"A haɗa sunayen biyu mana."

"Ba haka na faɗa masa ba, Ladidi. Sunan da na karanta masa ya haddace, shi yake faɗa wa mutane. In na kai masa rabi, ban cika ba."

Ta ce, "To ka je ka gaya masa yadda ake ciki, ka tambaye shi. Na tabbata zai bar wa Inna."

Malam ya ce, "Shi ya sa ba zan tambaye shi ba. Na san amsarsa tun kafin in buɗe baki. Ta yaya tsoho zai dubi idona ya ce a cire uwata a sa shi? Kunya ce za ta amsa, ba shi ba. In na yi haka ƙwace na yi, sai dai na yi shi da ladabi." Sannan ya ce, "Inna tana da ni, tana da yaran nan, ga mai sunanta tana yawo a tsakar gida. Kullum muna yi mata addu'a. Baba fa, wa yake da shi?"

Ladidi ta tura masa kwanon abinci gabansa.

Kada ku ɗauka abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi masa, ƙwarai kuwa. Shekara da shekaru yana jiran ranar da zai yi wa uwarsa wannan kyauta, kuma bai san ko zai sake samun wani sabo ba har ya mutu. Da la'asar ya shiga ɗakinta ya zauna a bakin gado, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya fito. Ya farke ambulan, ya sake rubutun daga farko. Iri ɗaya, namiji kamanninsa kaza, mace kamanninta kaza. Ya kuma rubuta a fili cewa da farko shi ma ya ɗauka biyu ne, sai da ƙwai suka ƙyanƙyashe ya gane kuskurensa, don kada wani ya sake faɗawa. A wurin suna ya sa Cindo. Sai da ya kai gidan waya, ya ga an buga hatimi an jefa a jaka, sannan ya nufi gidan tsoho.

Ya same shi a zaure a kan buzunsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, albishir na kawo. An samo matar mutumin naka."

Tsoho ya washe baki ya ce, "Masha Allah! A ina take?"

"A ɗakin Inna, Baba. Ashe waccan da wannan iri ɗaya ne."

Baba Cindo ya yi ta dariya, yana cewa ashe surukai suke da Tasalla bai sani ba. Can sai ya tsaya. Tsufa ya ci idonsa, amma bai ci hankalinsa ba. Ya ce, "Tsaya, ɗan Tasalla. Ka ce mini kowane iri suna ɗaya yake ci. Sunan wa ka sa?"

"Naka, Baba."

"A'a. Je ka canza. Ina ni ina shiga gaban uwarka?"

Malam ya ce, "Takarda ta riga ta tafi, Baba, ba ta dawowa."

Tsoho ya ja carbinsa. Daga nan ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Lallai Tasalla ta haihu." Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, Malam yana cewa amin. Waɗanda ke salla kusa da shi sun ce tun daga ranar, duk sallar da Baba Cindo ya idar, sai an ji shi yana cewa, "Allah Ka jiƙan Tasalla, Ka haskaka kabarinta," har ranar da shi ma aka kai shi makwancinsa.

Malam Ilu kuwa ya ci gaba da tsugunonsa a gindin katanga har ya tsufa. Bai sake samun wani sabo ba, kuma ba a taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

To jama'a, abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan. Gaskiya ba ta da ƙaramin wuri. Bawan Allahn nan ya riƙe ta a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba, a cikin ɗaki, babu mai ganinsa sai Allah. Kai da ka gano aibi a jikin kayanka bayan an gama ciniki, ka ce ai lokacin da na yi magana ban sani ba, to yanzu ka sani, koma ka faɗa. Kai da ka yi wa mara ƙarfi alkawari, ka ga cikawar za ta taɓa ka, sai ka je ka tsare shi da tambaya mai daɗi, ko za ka bar mini, alhali ka san ba zai iya ce maka a'a ba, ka sani ba kyauta ya yi maka ba, karɓewa ka yi. Muna yi wa ƙannenmu haka wajen rabon gado, muna yi wa matanmu, muna yi wa maƙwabta, sannan mu ce ai da bakinsa ya yarda.

Ku kuma da iyayenku suka riga mu gidan gaskiya, kuna ta neman inda za ku manna sunansu, a jikin shago, a bayan mota. Ba laifi ba ne. Amma abin da ke isa gare su shi ne addu'a, kuma mutane suna yi wa iyaye addu'a ne gwargwadon halin da suka gani a wurin 'ya'yansu. Kowa ya tambayi kansa yau, in an ga abin da na yi, me za a ce wa uwata? Allah Ya ba mu ikon riƙe gaskiya a inda babu mai ganinmu, Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.